Gidan Haya Ko Gidan Kanmu: Ina Ya Kamata Mu Kafa Dandalin Zumuntarmu?

Maƙasudin wannan ɗan bayani nawa shi ne in jawo hankalinmu ga wata tambaya wadda ta shafi kowace makaranta da kowace ƙungiya a ƙasar Daura. A yau da wuya ka sami aji, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko ta iyaye da malamai, wadda ba ta da zaurenta a cikin waya. A can ake sanar da ranar dawowa daga hutu, a can ake barka da ta'aziyya, a can ake tara gudummawa idan wani ya kwanta asibiti, a can kuma muke zuba hotunan ranar ba da kyaututtuka da na hawan Sallar Gani. To, amma mu nawa ne muka taɓa tsayawa muka tambayi kanmu, shin wannan zaure na wane ne, kuma mabuɗinsa yana hannun wa?

Duk ƙungiyar da ke son dandalin sada zumunta tana da hanyoyi biyu a gabanta. Ko dai ta zauna a dandalin da wani kamfani ya gina yake kuma kula da shi, ko kuwa ta ɗauko manhaja ta kyauta ta kafa nata, ta riƙa kula da abinta. Zan yi ƙoƙarin bayyana kowace hanya da amfaninta da illarta, sa'an nan in faɗi nawa ra'ayin.

Abubuwan Da Ke Riƙe Da Dandali

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu san cewa kowane dandali yana tsaye ne a kan abubuwa huɗu. Na farko shi ne manhaja, watau jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta san yadda za ta karɓi saƙo ta nuna wa jama'a. Na biyu shi ne babbar kwamfutar da ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, wadda ba a kashe ta dare da rana. Na uku shi ne suna, watau adireshin da mutum zai rubuta ya iso wurin. Na huɗu kuwa su ne mutanen da ke gyara, da tsaro, da raba gardama.

Alal misali, idan yaro a Sandamu ya ɗora hoto a Facebook domin abokinsa na Zango ya gani, hoton ba ya tafiya kai tsaye daga wannan waya zuwa waccan. Sai ya bi ta ƙarfen sabis, ya ratsa wayoyin ƙarƙashin ƙasa, sau da yawa har da na ƙarƙashin teku, ya sauka a sabar kamfanin, a ajiye shi a can, sa'an nan wayar abokin ta je ta ɗauko. Saboda haka duk wanda ke riƙe da saba, shi ke riƙe da rumbun. Wannan ita ce gaɓar da hanyoyin nan biyu suka rabu.

Hanya Ta Farko: Zama A Gidan Wani

Wannan ita ce hanyar da kusan dukkanmu muke kai. Facebook, wanda aka kafa a 2004, da WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014, duk na kamfanin Meta ne na ƙasar Amurka. Manhajar tasu ce, sabar tasu ce, sunan nasu ne, mu namu kawai mu shiga mu shimfiɗa tabarma. Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan su ba ƙungiya hayar dandali na musamman, ta riƙa biya wata-wata.

Lalle wannan hanya tana da amfani mai yawa, kuma rashin adalci ne a musa. Cikin minti biyar an buɗe zaure, ba a biya ko kwabo ba ban da kuɗin data. Jama'a suna can tun tuni, ba sai an roƙe su su zo ba. Iyayenmu da ba su yi boko ba suna aika saƙon murya, ɗan kasuwar Mai'aduwa kuma yana ciniki da abokin hulɗarsa na Damagaram ba tare da ya bi ta Kwangwalam ba. Idan wani abu ya lalace, injiniyoyin kamfanin ne za su kwana ba barci, mu kuwa muna kwance.

Amma fa masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ga wasu abubuwa da suka faru, waɗanda suka isa su zama darasi.

Ranar 2 ga Yuni 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan, bisa cewa ya saɓa wa dokokin dandalin. Ranar 4 ga wata Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar dakatar da Twitter a Nijeriya, kashegari aka rufe shi, ba a kuma buɗe ba sai ranar 13 ga Janairu 2022. Ba nufina ba ne in yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya. Abin lura shi ne, shugaban ƙasa guda ma baƙo ne a dandalin wani, sa'an nan da rigima ta tashi tsakanin manya biyu, talakan da ke tallar hajarsa a wurin shi ya yi fiye da wata bakwai a waje. A lokacin gwamnati ta buɗe shafi a wani dandalin ƙasar Indiya mai suna Koo. To, shi ma Koo ɗin ya rufe ƙofarsa ɗungurungum a watan Yuli 2024.

Haka nan kuma kamfanin Ning, wanda ya shahara wajen bai wa ƙungiyoyi da malaman makaranta damar kafa dandalinsu kyauta, ya wayi gari a 2010 ya ce kyauta ta ƙare, kowa ya biya ko ya kwashe kayansa. Google, duk da girmansa, ya rufe dandalinsa na Google+ a watan Afrilu 2019. Ranar 4 ga Oktoba 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har wajen awa shida.

Kowane ɗan Daura ya tashi da labarin rijiyar Kusugu, yadda macijin nan ya hana mutanen gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a kaɗai, har zuwan Bayajidda a zamanin Sarauniya Daurama. Ruwa yana nan cikin rijiya, guga yana hannun mutane, amma ranar ɗiba tana hannun wani. Ban ce kamfanonin nan macizai ba ne, 'yan kasuwa ne masu neman riba. Sai dai matsayinmu a wurinsu ya yi kama da na mutanen wancan zamani, domin ba mu ke yanka ranar buɗewa da rufewa ba.

Akwai kuma batun kyautar kanta. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Meta yana samun mafi yawan kuɗinsa ne daga talla, kuma tallar tana tsada ne saboda ya san shekarunmu, da garinmu, da abin da muke yawan kallo. A watan Yuli 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, watau FCCPC, ta ci Meta tarar Dala miliyan 220, tana cewa ya yi amfani da bayanan 'yan Nijeriya ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Hanya Ta Biyu: Gina Gidan Kanmu

A nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo. Kowace manhaja tana da asalin rubutun da aka gina ta da shi. Yawancin kamfanoni suna ɓoye nasu, kamar mai magani da zai sayar maka da ƙulli amma ba zai faɗa maka saiwoyin da ya haɗa ba. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ita ce wadda masu ita suka baje asalin rubutunta a fili. Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman shi ya fara wannan yunƙuri a 1983, kuma 'yancin da ake magana a kai iri huɗu ne: ka yi amfani da manhajar yadda ka ga dama, ka duba cikinta ka gyara, ka ba wani kwafinta, ka kuma rarraba gyaran da ka yi. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fito da Linux, wadda a yau ita ke tafiyar da mafi yawan sabobin intanet, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin wayoyinmu.

Daga cikin irin waɗannan manhajoji akwai da dama da aka yi musamman domin sada zumunta. Elgg ta fito tun 2004, kuma makarantu da jami'o'i sun daɗe suna amfani da ita. BuddyPress ƙari ce da ake ɗora wa WordPress, sai ya zama wurin da mambobi ke da shafukansu da ƙungiyoyinsu. HumHub, wadda aka yi a Jamus, ta dace da ƙungiyar da ke son zaure rufaffe, mai ɗakuna daban-daban, misali ɗakin kowane aji da na malamai da na iyaye. Mastodon kuwa, wadda Eugen Rochko ya fito da ita a Jamus a 2016, ta yi kama da Twitter, sai dai kowa yana iya kafa tasa sabar. Sabobin suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda aka amince da ita a 2018, kamar dai yadda wasiƙa ke tashi daga gidan wayar Daura ta isa na Katsina ko da yake kowanne da shugabansa. A 2023 gwamnatin Holan ta buɗe tata sabar ta Mastodon, gidan rediyon BBC ma ya gwada tasa a wannan shekarar.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake. Mu za mu rubuta dokar zaure, mu za mu ce wane ya shiga wane kada ya shiga. Babu talla, babu hotunan banza da za su faɗo wa ɗan aji ɗaya yana tsakiyar neman aikin gida. Hotunanmu da sunayenmu suna hannunmu. Tun da rubutun a buɗe yake, muna iya fassara dukkan maɓallan zuwa Hausa domin iyayenmu. Bugu da ƙari, ɗalibin da ya koyi kafa saba da kula da ita ya koyi sana'ar da za ta ciyar da shi. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

Nauyin Da Ke Kan Mai Gida

Sai dai wanda ya gina gida shi ke yaɓe kafin damina. Manhajar kyauta ce, amma riƙonta ba kyauta ba ne, kuma ga kaɗan daga cikin nauyin.

Na farko, wutar lantarki. Saba ba ta barci. Mu ƙaddara ƙaramar kwamfuta ce mai cin wat 30. A awa 24 za ta ci wat-awa 720, a wata guda kuwa wajen kilowat-awa 22. Wannan ba wani abu ne mai yawa ba, amma dole ya zama ba yankewa, kuma dukkanmu mun san halin wuta a garuruwanmu. Ke nan sai an tanadi sola da batir, a kuma riƙa canza batirin idan ya gaji. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, waɗanda duk abokan gaban na'ura ne.

Na biyu, wurin ajiya. Mu ƙaddara ɗalibai 500 ne, kowanne ya ɗora hoto 20 a zango ɗaya, kowane hoto kuma megabait 3. Lissafi ya ba mu megabait 30,000, watau wajen gigabait 30 a zango guda, ban da bidiyo. Kuma dole a riƙa yin kwafi ana ajiyewa a wani wuri dabam, domin ranar da faifan kwamfutar ya ƙone babu kamfanin da za a kai wa kuka.

Na uku, tsaro. Masu kutse suna yawo a intanet dare da rana suna taɓa ƙofofi. Masu rubuta manhaja sukan fito da gyara duk sa'ad da aka gano wata kafa, amma sai an sami wanda zai riƙa ɗora gyaran a kan lokaci.

Na huɗu, kuma shi ya fi duka, mutum. Sau da yawa abin da ke kashe irin wannan aiki a makarantu shi ne mutum ɗaya ne ya san kansa. Malami ne sai a yi masa canjin wurin aiki, ko mai yi wa ƙasa hidima ne sai shekararsa ta cika, ko ɗan ajin ƙarshe ne sai ya gama jarrabawa ya tafi da kalmar sirri a kansa.

Na biyar, amana da doka. Ina so iyayenmu su lura da wannan sosai. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya, yadda kamfanin kansa ba ya iya karanta su. Amma a yawancin manhajojin da na ambata, wanda ke kula da saba yana iya ganin saƙon da mutum biyu suka aika wa juna a keɓe. Ashe ke nan mun ɗauke amana daga hannun baƙon da bai san mu ba, mun ɗora a hannun maƙwabcin da ya san gidan kowa. Haka kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara bayanan jama'a, ta kuma ce a nemi yardar iyaye kafin a tara na yara.

Na shida, jama'a. Kana iya gina rumfa mai kyau, amma ba ka iya tilasta wa kasuwa ta ci. Mutane sun saba da inda suke, kuma dandalin da ba kowa a ciki kufai ne.

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin hanyoyin biyu. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Jibiya da Batsari da Faskari da Funtuwa, saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali, da mai haya da mai gidan kansa duk sun yi tsit, in ban da wanda sabarsa ke cikin harabar makaranta, wanda aƙalla na cikin harabar za su iya isa gare ta.

Tsaka-tsaki

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku. Ƙungiya tana iya ɗaukar buɗaɗɗiyar manhaja, amma ta yi hayar saba a wurin kamfanin da sana'arsa ke nan, wanda ke da wuta da sanyi da masu gadi. Har akwai waɗanda za su ɗora maka manhajar su riƙa yi mata gyara. Bambancin wannan da zama a Facebook shi ne, ranar da kuka ɓata da mai sabar, sai ka kwashe bayananka ka kai wa wani, da manhajarka da sunanka, mambobi ba su ma san an yi ƙaura ba.

Abin da za a kula da shi a nan shi ne kuɗin da za a biya da shi. Mu ƙaddara haya Dala 10 ce a wata. A farkon 2023, sa'ad da Dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, kuɗin zai kama Naira 4,600. A 2024 da Dala ta haura Naira 1,500, wannan hayar ta koma fiye da Naira 15,000, alhali ba a ƙara maka komai ba. Saboda haka ya fi kyau a fara neman kamfanonin cikin gida masu karɓar Naira.

Ra'ayina

Ni dai a ganina, ga makaranta ko ƙungiya irin tamu a Daura, ko Mai'aduwa, ko Ɓaure, wannan hanya ta tsakiya ita ta fi dacewa. Na'ura ana iya hayarta, amma abubuwa uku bai kamata su bar hannunmu ba: suna, da bayanai, da doka. Ga shawarwarina.

1. Kada a rufe zaurukan WhatsApp. A bar su domin sanarwa da gaisuwa, amma kada su zama rumbun tarihinmu.

2. A yi rajistar adireshi da sunan makaranta ko ƙungiya, kada a yi da sunan mutum ɗaya. Hukumar NiRA ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, kuma akwai rukunin sch.ng da aka ware wa makarantu.

3. Tun yau, ko ba a kafa komai ba, a kwafe hotuna da jerin sunayen mambobi da muhimman takardu, a ajiye a wuri biyu.

4. A naɗa aƙalla mutum uku masu riƙe mabuɗi: malami, da wakilin iyaye, da wakilin tsofaffin ɗalibai. A rubuta yadda ake komai a littafi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. A rubuta dokar zaure kafin a buɗe shi, a faɗi hukuncin zagi da yaɗa jita-jita, a kuma gaya wa kowa a fili abin da mai kula da saba ke iya gani.

6. A fara gwaji da aji ɗaya na zango ɗaya, a kan tsohuwar kwamfuta a ɗakin kwamfutocin makaranta. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya a nan Daura, kuma ba a rasa yayyenmu a cikinsu da za su taimaka idan an nemi taimakonsu.

7. Idan an duba ba a sami kuɗin shekara guda a hannu ba, ko ba a sami mutanen da za su riƙe aikin ba, to, a dakata. Gara a ci gaba da zaman haya ana sane da cewa haya ce, da a fara ginin da za a bari a rabi.

Daga ƙarshe ina kira ga iyayenmu, idan wannan magana ta taso a taron iyaye da malamai, kada ku ce ta yara ce ku bar mana. Sunayen 'ya'yanku ne da hotunansu ake magana a kai, kuma tambayoyin da za ku yi ba sa bukatar sanin kwamfuta: wa ke riƙe da mabuɗi, nawa za a biya a shekara, wa ke iya karanta saƙon yarana, kuma idan aka tashe mu gobe da me za mu fita? Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, mu daina tsayawa ga latsa waya kawai, mu nemi sanin abin da ke bayanta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.